Kwas ɗin intanet ga ɗan sakandaren ƙauye: me yake ƙara masa, me kuma ba zai iya yi masa ba?

Tun da aka fara maganar cewa WAEC da NECO za su koma yin jarabawa a kwamfuta, tallan kwasa-kwasan intanet ya cika wayoyin mutane har cikin ƙauyukanmu na Kano da Jigawa. Yau a turo maka a WhatsApp wai ka biya dubu kaza ɗanka ya koyi lissafi da fiziks yana zaune a gida, gobe a turo wani a ce kyauta ne daga wata jami'ar Amurka har da satifiket, jibi kuma wani ya ce ai na gwamnati ne a yi maza a cike fom kafin a rufe. Iyaye da yawa kansu ya ɗaure, su ma yaran ba duka suka fahimci abin da suke nema ba.

A wata ranar kasuwa, a bakin shagon mai cajin waya, wani dattijo ya tare malamin sakandaren garinsu da tambaya. Ya ce, "Malam, yaron nan ya hana ni sakat, wai in sayar da akuya in saya masa babbar waya zai yi karatu a intanet. To in ya yi, ya huta da zuwa makarantar kenan? Kuma takardar da za su ba shi za ta kai shi jami'a?" Malamin ya ce, "Baba, tambaya biyu ka yi, kuma dukkansu amsar a'a ce. Amma fa karatun yana da amfani, sai dai a san wanne ne, kuma a san don me." Wannan amsar ta malam ita ce ke buƙatar a warware ta dalla-dalla.

## Ba duka ne abu ɗaya ba

Abin da ke fara rikita mutane shi ne komai kwas ake ce masa, alhali kala-kala ne kuma kowanne da inda ya dosa.

Akwai waɗanda ke bin silabus ɗinmu na Najeriya, wato abin da ya kamata a koya wa yaro a aji ne aka ɗauka a bidiyo. Nigeria Learning Passport na cikin irin waɗannan, ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ta ƙaddamar da shi a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ne, kuma akwai darussa da Hausa a ciki. Akwai uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019, shi kuma biya ake yi. Sai malamai masu zaman kansu da ke ɗora darasi a YouTube, da manhajojin tsofaffin tambayoyin JAMB da ake gwaji da su.

Kala na biyu su ne waɗanda suka zarce silabus, ko kuma ba don mu aka tsara su ba tun farko. Khan Academy da wani Ba'amurke mai suna Salman Khan ya kafa a 2008 yana koyar da lissafi tun daga ƙirga har na matakin jami'a, ba a biyan ko sisi. Coursera da edX duk a 2012 suka fito, na farkon malaman jami'ar Stanford biyu ne suka kafa shi, na biyun kuma haɗin gwiwar jami'o'in MIT da Harvard ne. A nan ne ɗan aji biyar a Ringim ko Gwarzo zai iya bin darasin da ɗaliban jami'a ke yi a Amurka, kamar CS50 na Harvard da ke koyar da tushen ilimin kwamfuta. Idan aka ce kwas mai zurfi, yawanci irin waɗannan ake nufi.

Sai na koyon sana'ar zamani, irin su zanen kwamfuta, rubuta manhaja, nazarin alƙaluma. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya fito da shi a 2023, wanda hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi ɗan Haɗeja ke cikin masu tafiyar da shi, a nan ya faɗo. Shi kam ya fi dacewa da matasan da suka gama sakandare.

Na ƙarshe shi ne karatun digiri daga nesa, kamar na jami'ar NOUN wadda aka fara buɗewa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ko sashen karatu daga nesa na ABU Zariya, ko Miva da ta samu lasisin hukumar kula da jami'o'i ta NUC a 2023. Wannan jami'a ce sukutum, ba ƙarin karatun ɗan sakandare ba ne, kuma ba za su ɗauke ka ba sai da sakamakon sakandarenka a hannu.

## Me ya sa abin ya taso yanzu?

Tushen maganar ba intanet ba ne, ƙarancin malamai ne. Duk wanda ya san makarantar jeka-ka-dawo ta ƙauye ya san yadda take, malami ɗaya ya haɗa lissafi da fiziks wani lokacin har da kemistiri, aji ya cika maƙil, ɗan bautar ƙasa ya zo ya fara jan yara shekara ta ƙare ya tafi, a yi zango guda ba a ga mai koyar da wani darasin ba. Lissafi mai zurfin nan da masu son injiniyanci ke buƙata kuwa, makarantu da dama ko sunansa babu a jadawali. Ba sabuwar matsala ba ce. Ita ce ta sa tsohuwar jihar Kano, lokacin Jigawa na cikinta, ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, a tsamo yara masu ƙoƙari a tara musu malamai da kayan aiki a wuri ɗaya. Tsarin ya fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, amma gurbi kaɗan ne, yaron da bai samu shiga ba sai ya koma ga abin da ke garinsu. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, Jigawa kuma ta yi ta ɗaukar malaman wucin gadi a shirin J-Teach don cike giɓi.

Sai korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu wata da watanni. A birni 'ya'yan masu hali suka koma darasi ta waya da laftof, a karkara kuwa rediyo aka dogara da shi, wanda ma ya samu ya saurara kenan. Daga lokacin ne mutane suka fara yarda cewa ana iya karatu ba a cikin aji ba, kamfanoni kuma suka ga kasuwa.

Ga kuma jarabawar kanta. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tambaya 180 cikin awa biyu. WAEC ta fara gwada nata a 2024 da masu zana jarabawa daga waje, sannan a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar cewa ana so WAEC da NECO su koma kwamfuta, a shekarar kuma aka fito da sabon tsarin darussa mai ɗauke da fasahar zamani da sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran waya. Toh uban da ya san ɗansa bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, dole hankalinsa ya tashi, duk wanda ya zo masa da kwas sai ya saurara.

## Maganar satifiket

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane, don haka gara a faɗe ta ƙarara. Babu wani satifiket na kwas ɗin intanet, ko daga Harvard ya fito, da zai tsaya a madadin jarabawar kammala sakandare ta WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS. Mai neman jami'a a Najeriya sai ya kawo kiredit ɗin da ake nema daga ɗaya cikin waɗannan, ya zauna JAMB, sannan a ba shi gurbi ta hannun JAMB ɗin. Mai son shiga aji biyu na jami'a kai tsaye kuma sai da difloma, ko NCE, ko jarabawar share fagen jami'a ta IJMB ko JUPEB da makamantansu. Shikenan hanyoyin.

Abin da ke ruɗa wasu shi ne labarin da suke ji daga waje. A Amurka akwai tsarin da ɗan sakandare zai ɗauki darasin matakin jami'a, wani lokacin ta intanet, ya yi jarabawarsa, in ya ci jami'ar da ya shiga ta lissafa masa shi cikin karatunsa. Tsarinsu ne, an gina shi cikin dokokin makarantunsu. Mu a nan yaro zai iya gama kwas goma na lissafin jami'a a edX, in ya shiga BUK ko jami'ar tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa, daga aji ɗaya zai fara kamar kowa, babu darasin da za a ɗauke masa. Ribarsa tana cikin kansa, zai ga karatun ya zo masa da sauƙi, amma a takarda ba ta fitowa.

Inda takardar ke ɗan yin tasiri shi ne wajen neman aiki a kamfani mai zaman kansa, ko neman tallafin karatu a waje, ko aikin kwamfuta da ake biya daga nesa. Su ma ɗin yawanci cewa za su yi nuna mana abin da ka yi da hannunka. Aikin gwamnati kuwa, takardar makarantar da ɗaya daga cikin hukumomin kula da manyan makarantu, wato NUC, NBTE ko NCCE, ta amince da ita ake dubawa.

Sannan a yi hattara da masu cewa za su ba da digiri ko difloma ta intanet cikin 'yan watanni. Ba a manta da binciken ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ba, wanda ya samo digiri daga Kwatano cikin sati shida, abin da ya sa a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo. Mutane da dama da suka zuba kuɗinsu sun tashi da takardar da ba ta da amfani.

## Kyauta ne, amma nawa yake ci?

In an ce kwas kyauta ne, darasin ake nufi. Hanyar isa gare shi ba kyauta ba ce, kuma a ƙauye hanyar ita ce dukan maganar.

A fara da data. Bidiyon awa ɗaya, ko an rage haskensa ya zama daidai gani, yakan cinye MB ɗari uku zuwa ɗari biyar. Yaron da zai yi awa ɗaya kullum yana buƙatar abin da ya kai GB goma ko fiye a wata, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya ko biyu a shekara, in ya sayar da riɗi ko shinkafa ko gyaɗa. Kuma ba sau ɗaya za a saya a huta ba, kowane wata ne, har da watannin da rumbu ya yi ƙasa.

Sai wuta. Garuruwa da yawa ko turakun KEDCO ba su gani ba, inda suke kuma a yi sati ba a kawo ba. Waya tana wuni a shagon mai caji, a biya, a karɓo da yamma, kuma kallon bidiyo na shan batir fiye da komai, awa biyu ta mutu. Sai sabis, wanda a wani garin sai ka fita bayan gari ko ka hau tudu, ko ka tsaya gindin wata darbejiya da kowa ya san nan ne yake kamawa. Za ka ga yaro tsugune a wajen da littafi a cinya, waya a hannu ɗaya, bidiyon ya yi minti biyu ya tsaya yana juyawa, malamin cikin wayar ya daskare da alli a hannu ana tsakiyar warware lissafi, yaron ya ɗaga wayar sama ya sauke, kafin ya dawo an kira magariba. Irin wannan yaron ba rashin ƙoƙari ne zai sa ya bar kwas ɗin ba.

Wannan ya sa bambancin darasin kai tsaye da wanda aka naɗa yake da muhimmanci sosai a wajenmu. Na kai tsaye, irin wanda ake yi a Zoom a ce ƙarfe takwas na dare kowa ya hau, kusan ba ya yiwuwa a karkara, sabis ya yanke ka rasa darasin kuma kuɗinka ya tafi. Wanda ake saukewa a ajiye shi ne daidai da mu. Yaya ko malami ya shiga Dutse ko Haɗeja ko Wudil inda sabis ke da ƙarfi, ya sauke darussan sati biyu a memori, ya dawo a rarraba ta Xender ba a kashe ko kwabo ba. Manhajar Khan Academy tana barin a sauke bidiyo, akwai Kolibri da aka ƙera musamman don wuraren da ba intanet, akwai Kiwix da ke ɗauke da Wikipedia a cikin waya. Tambayar farko da uba zai yi wa mai tallan kwas kenan, yana aiki ba data ko kuwa?

Kwasa-kwasan ƙasashen waje kuma satifiket ɗinsu da dala ake biya, da yawa dala arba'in zuwa hamsin a wata, ga dala ta daɗe da haura naira dubu. Coursera na da fom ɗin neman tallafi ga wanda ba shi da hali, ana samu, amma da Turanci ake cikewa kuma sai an jira.

Wata ƙaramar magana da ake mantawa, dokar NCC ba ta yarda wanda bai kai 18 ya yi rajistar layi ba, kenan yawancin 'yan sakandare da layin wani babba za su yi amfani. Wannan ma wata dama ce ga iyaye su san abin da ake yi da wayar.

## Turanci da tushe

Ko an warware data da wuta, akwai katangar da ta fi su tsayi. Kwas mai zurfi yana ɗauka cewa mai kallonsa ya riga ya iya na ƙasa, kuma yana jin Turancin Ba'amurke ko Ba'indiye da saurinsa. Yaron da ya zo aji huɗu na sakandare yana fama da raba lamba, ko yake karanta sakin layi bai gane ba, in aka jefa shi cikin darasin jami'a zai yi kwana uku ya ce shi ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali tsani aka ɗora masa ba matakalar ƙasa. Irin wannan yaron abin da zai amfane shi shi ne ya koma baya, ko da darasin aji shida na firamare ne, ba tare da kunyar 'yan aji ba. Kuma gaskiya wannan na cikin manyan alfanun karatun waya, bidiyo ba ya gajiya da maimaici, ba ya yi maka tsawa, ba wanda zai yi maka dariya don ka mayar da shi sau bakwai.

Darussa da Hausa suna ƙaruwa, akwai malamai 'yan Arewa da ke bayanin lissafi da kemistiri da harkar kwamfuta da Hausa a YouTube da TikTok, akwai ƙungiyoyi irin su CITAD a Kano da Arewa Data Science Academy da ke horar da matasa. Amma har yanzu yawancin abu mai zurfi da Turanci yake, jarabawar ma da Turanci za a yi ta. Hanyar da malamai da dama ke bi ita ce a fahimci abu da Hausa, a maimaita shi da Turanci.

Sai firaktikal. Ana iya kallon yadda ake ɗiga asid har ruwa ya canza launi sau ashirin a bidiyo, akwai ma manhajar PhET ta jami'ar Kolorado da yaro zai yi gwajin da yatsa a kan gilashin waya, kuma tana taimakawa. Amma ranar jarabawa kwalba za a ba shi a hannu, in bai taɓa riƙe ta ba hannun zai yi rawa.

## Masu cewa a rungume shi da masu ɗari-ɗari

Masu goyon baya hujjarsu mai ƙarfi ce. Suna cewa shekara nawa ana jiran gwamnati ta kawo malamin fiziks garin nan bai zo ba, yaron da ke aji shida bana ba zai jira ba, in waya za ta kawo masa malamin da ya fi kowa iya bayani me zai hana? Suna kuma cewa a kowane aji akwai yara biyu ko uku da karatun ajin ya yi musu kaɗan, suna zaune suna hamma, su ne kwas mai zurfi zai buɗe wa ido su san akwai duniya gaba da silabus. Ga sabawa da na'ura kafin JAMB, yaron da ya saba danna amsa a manhaja ba zai ɓata minti goma yana neman inda zai taɓa ba.

Masu ɗari-ɗari su ma ba ƙin ci gaba suke ba. Iyaye na tsoron waya ta shigo da sunan karatu ta ɓige da TikTok da cacar ƙwallo da hira da waɗanda ba a sani ba. Wasu malamai na ganin yaro zai raba hankalinsa, ya bar abin da za a tambaye shi a NECO ya tafi koyon abin da ba zai fito ba. Akwai kuma masu kallon abin ta fuskar siyasa, suna cewa in aka saba da cewa yara su nemi ilimi a waya, an ba hukuma uzurin ƙin ɗaukar malamai da gyara ajujuwa, nauyin ya koma kan talaka.

Binciken da aka yi a wurare daban-daban bai ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan MIT da Harvard a edX ya nuna kusan mutum uku ne cikin ɗari ke gamawa a cikin waɗanda suka yi rajista, kuma mafi yawan masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. A Peru an raba wa yaran firamaren karkara laftof ɗaya-ɗaya, da aka zo aka auna ba a ga lissafinsu da karatunsu ya ƙaru ba. Amma a Delhi ta Indiya, da aka sa yara zuwa wata cibiya bayan an tashi makaranta suna aiki da manhajar Mindspark wadda ke auna matakin kowane yaro ta fara da shi daga inda yake, cikin wata huɗu da rabi an ga ci gaba sosai a lissafi. A nan gida ma, a 2024 Bankin Duniya da jihar Edo sun gwada darasin Turanci na sati shida bayan makaranta a birnin Benin, yara na aiki da manhajar ƙirƙirarriyar basira malamai na tsaye a kansu, sakamakon ya yi kyau. In ka jera su za ka ga inda aka miƙa na'ura aka juya baya ba a samu komai ba, inda aka sa lokaci da wuri da babba mai lura kuma aka fara daga matakin yaron, an samu.

## Lokaci, da maganar 'ya'ya mata

Ɗan ƙauye ba shi da sararin da masu tsara kwas ke zato. Safiya boko, yamma Islamiyya, dare ko asuba allo, da damina gona, da kaka girbi, ga kiwo ga ɗiban ruwa. Kwas ɗin da ya ce awa shida a sati har wata uku, sai an zauna an duba ina za a yanko awannin. Dogon hutu yana faɗowa tsakiyar damina lokacin da aka fi buƙatar hannunsa a gona, don haka rani da ranakun Alhamis da Juma'a da ba a zuwa allo sun fi dacewa.

Yarinya kuwa nata ya ninka. Aikin gida na kanta, a gidaje da yawa ba a ba budurwa babbar waya, kuma ba za ta je gindin darbejiyar bayan gari da magariba neman sabis ba. In aka bar abin ya tafi yadda yake, maza za su samu ƙarin, mata su tsaya inda suke, tazarar da ake ƙoƙarin ragewa ta ƙara faɗi. Amma ta wani gefen, darasin da aka sauke a memori shi ne karatun da zai iya shiga har cikin gida, ta kalla a tsakar gida gaban mahaifiyarta da wayar da ba layi a ciki. Ga wadda aka yi wa aure ba ta gama sakandare ba kuma tana son zana jarabawa daga waje, wannan hanya ce da a da babu ita.

## Abin da zai iya biyo baya

In jarabawar kammala sakandare ta koma kwamfuta kafin makarantun karkara su samu wuta da na'urori, cibiyoyin kwamfuta masu zaman kansu a hedikwatar ƙananan hukumomi za su cika, kuɗin lesin zai ƙaru, kuma ɗan mai hali a gari ɗaya zai yi wa ɗan maƙwabcinsa nisa duk da aji ɗaya suke. 'Yan damfara ma za su ƙaru, alamarsu ba ta ɓuya, sukan ce a tura kuɗin fom a asusun mutum ba na hukuma ba, su nemi BVN ko lambar sirrin da aka turo a waya, su yi alƙawarin alawus ko laftof ko gurbin jami'a. 3MTT da Learning Passport ba a biyan kuɗin shiga, duk wanda ya ce a biya shi ya saka sunan yaro, a bar shi da abinsa.

Ga malamai kuma, abin zai iya zama sauƙi maimakon barazana. Malamin da aka ɗora wa kemistiri alhali bayoloji ya karanta zai iya kallon darasin da daddare ya shiga aji da safe da ƙarfin gwiwa. Wayarsa ɗaya da ƙaramar sifika da farantin sola sun isa yara goma sha biyar su zauna ranar Asabar, a kalli minti goma, a tsayar, ya fassara, a yi aiki a allo, a ci gaba. Ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai ko 'yan garin da ke aiki a birni za su iya ɗaukar nauyin data ɗin wannan zaman, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba a kan kowane gida ya sayi waya.

Shi kuwa dattijon mai akuya, shawarar da malamin ya ba shi ita ce kar ya sayar tukuna. Ya ce, "Baba, ka turo min shi ranar Asabar da littafin lissafinsa in ga inda ya tsaya. Yayansa da ke Kano ya sauko mana da darussan a memori, mu gwada wata ɗaya da wayata, shi da abokansa uku. In ya riƙe, bayan girbi sai a yi maganar waya." Dattijon ya ce, "To Malam, Allah ya saka. Ƙanwarsa fa, ita ma tana aji huɗu." Malam ya ce a sa mata nata a wani memorin, matarsa za ta duba ta a gida.